"Ba Su Ga Komi Ba": Tarihin Maganin Sida da Abubuwan da Ke Hana Shi Aiki

A ɗakin innata, ƙanwar mahaifiyata, akwai wata ƴar tasa mai murfi cikin jeren kwanoninta na aure. Tun muna yara mun san ba a taɓa ta. Mun ɗauka kuɗin adashi take ajewa ciki. Sai da na shiga lise, wata rana jiki ya hana ta tashi, ta ce in miƙo mata abin da ke cikin tasar. Na buɗe na tarar da kwalbar roba, an kankare takardar jikinta tas. Ta haɗiye ƙwaya guda da ruwan randa, ta dube ni ta ce: "Ke kin yi lakwal, kin san ko mi ne ne. To, bakinki ƙanen ƙafarki."

Bana na nemi izininta in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, amma ban da sunanta da sunan garinmu. Shi ya sa ni ma sunan da na sa a wannan ɗan littafi na aro ne.

Ni ba likita nake karantawa ba, kimiyyar harshe nake yi. Amma tambaya guda ta daɗe tana cina. Ranar da na buɗe tasar nan, Inna ta fi shekara 10 da fara magani, kuma maganin ya taɓa tayar da ita daga bakin kabari. To mi ya sa ta sake kwanciya? Neman amsar ne ya kai ni ga tarihin maganin kansa. Abin da na fahimta shi ne, a kowane zamani akwai abin da ke shiga tsakanin ƙwayar magani da mai shan ta, in an kau da wani sai wani ya bayyana. Bari mu bi su daki-daki.

Magani guda ba ya isa

Ranar 5 ga Yunin 1981 likitocin Amurka suka ba da rahoton wasu samari biyar a birnin Los Angeles masu wani ciwon huhu da ba a saba gani ga mai ƙarfin jiki ba. A 1983 masana na cibiyar Pasteur ta Paris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier da abokan aikinsu, suka gano ƙwayar da ke kawo cutar. A 1987 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijar.

A wannan shekarar ta 1987 ne Amurka ta amince da maganin farko, AZT. Tun 1964 aka haɗa shi don ciwon daji, bai yi ba, aka jingine shi. Da aka gwada shi kan sida sai aka ga marasa lafiya suna farfaɗowa. Ana shan sa kowane awa huɗu, har da tsakar dare, kuɗinsa kuma ya kai dalar Amurka 10.000 a shekara. Amma murnar ba ta daɗe ba. Bayan ƴan watanni ko shekara guda, ciwon ya dawo. Wani babban gwaji da Faransa da Ingila suka yi tare, mai suna Concorde, ya nuna a 1993 cewa fara AZT shi kaɗai da wuri ba ya ƙara wa mutum kwana.

Dalilin yana ga halin ƙwayar. Tana shiga cikin wasu sojojin jini da ake kira CD4, ta mayar da su wurin kwafar kanta. Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 da 1.500 a ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba. In suka sauka ƙasa da 200, tarin fuka da zawo da ƙurajen baki da sauran cututtuka sun samu ƙofa ke nan. A jikin wanda ba ya shan magani, ƙwayar na iya yin kwafi wajen miliyar 10 a rana guda, kuma mai kwafar tata ragon magatakarda ne, ba ya duba abin da ya rubuta. Kullum sai an samu kwafi masu kure. Yawancinsu banza ne, amma cikin wannan tarin ba a rasa wanda kurensa ya sa magani bai kama shi. Maganin ya kashe sauran, shi ya rage, ya hayayyafa, ya cika jiki. Wannan shi ake kira bijirewa. Ku riƙe shi, don duk sauran labarin a kansa ya rataya.

Uku a haɗe

A ƙarshen 1995 da cikin 1996 aka samu sababbin magunguna masu tare ƙwayar ta wata hanya dabam. A taron duniya kan sida da aka yi a Vancouver ta ƙasar Kanada a Yulin 1996, likitoci suka nuna abin da ke faruwa in an haɗa magani uku lokaci guda. Kwafin da ya tsere wa na farko, na biyu ya tare shi, in ya tsallake biyu na uku na nan. Da wuya kure uku su haɗu a kwafi guda. Yawan ƙwayar a jini ya faɗi warwas, CD4 suka ƙaru, mutanen da aka cire wa rai suka koma bakin aiki.

Amma akwai sharaɗi. Haɗin wancan lokaci yakan kai ƙwaya 15 zuwa 20 a rana, wata da abinci, wata ciki wayam, wata sai an aje ta a firigo. Wani bincike na shekarar 2000 ya nuna cewa da magungunan zamanin, sai mutum ya sha aƙalla kashi 95 cikin 100 na abin da aka rubuta masa kafin a sa ran ƙwayar ta kwanta. Wato mai sha sau biyu a rana, in ya tsallake fiye da sau uku a wata ya fara wasa da wuta.

Mu nan kuwa ko zancen tsallakewa bai taso ba, don babu abin tsallakewar. Mijin Inna ɗan ci-rani ne, shekara da shekaru yana Abijan. A 2001 aka kawo shi gida a kwance, ya rame kamar sillen kara. Aka ce sammu ne, aka ce ciwon kurmi ne. Bai kai kaka ba. Jaririn da suka haifa ya bi shi bayan wata bakwai. A lokacin, shekara biyar ke nan da samun maganin da zai iya riƙe shi.

Kuɗi, sannan agogo

A shekarar 2000 haɗin uku yana cin dalar Amurka 10.000 ko fiye a shekara ga mutum guda, wajen miliyan 7 na sefa a canjin lokacin. Wa ke da su? Ga shi tun Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, duk maganin da ke zuwa daga waje ya ƙara tsada. Senegal ta yi ƙoƙari ta buɗe shirinta na gwamnati tun 1998, amma a yawancin ƙasashenmu sai mai hannu da shuni.

Shekarar 2001 ce ta juya lamarin. A watan Fabrairu, kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya ce zai sayar wa ƙungiyar likitoci ta MSF haɗin uku a kan dala 350 a shekara, wajen jika 250. Kuma ya dunƙule ukun cikin ƙwaya guda mai suna Triomune, a sha safe da yamma. A watan Afrilu, kamfanonin magani 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu kan dokarta ta neman magani mai rahusa suka janye ƙara, saboda duniya ta yi musu caa. A Nuwamba, a birnin Doha, ƙasashe suka amince cewa dokar mallakar fasaha ba za ta hana ƙasa kare lafiyar jama'arta ba. Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya kafu a 2002. A 2003 Amurka ta buɗe shirin PEPFAR da dala miliyar 15 na shekara biyar.

Kafin a kai nan sai da aka yi wata gardama da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A Yunin 2001 shugaban hukumar agaji ta Amurka, Andrew Natsios, ya fito ya ce ba da irin wannan magani a Afirka zai yi wuya, don a cewarsa mutane da yawa ba su san agogo ba, ba su san lokaci irin na Turawa ba. Da na karanta wa Inna wannan sai ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce: "Shi bai san ladan ba? Asuba guda, magariba guda. Shekara goma ban taɓa duba agogo ba." Lissafi ma ya goyi bayanta. A 2006 mujallar likitoci ta JAMA ta tattara bincike masu yawa, ta samu kashi 77 cikin 100 na masu shan magani a Afirka kudu da Sahara suna sha yadda ya kamata, a Amurka ta Arewa kuwa kashi 55.

Wannan ba ya nufin mu ba mu yi wa kanmu ɓarna ba. A Afirka ta Kudu, gwamnatin Thabo Mbeki ta yi ta shakkar ko ƙwayar ce ke kawo ciwon, ta ja ƙafa wajen ba da magani. Masana na jami'ar Harvard sun ƙiyasta rayuka sama da 330.000 suka salwanta a kan haka tsakanin 2000 da 2005. A Gambiya, a Janairun 2007, Yahya Jammeh ya ce shi yana warkar da sida da haɗin ganyensa, bisa sharaɗin a aje maganin likita. Wasu daga cikin waɗanda suka aje ɗin sun mutu.

Da maganin ya iso gida

A 2004 aka fara ba da maganin a Nijar, kyauta, ƙarƙashin shirin gwamnati mai suna INAARV. Daga Yamai aka soma, sannu a hankali ya kai manyan asibitocin jihohi. Inna ta fara a 2006. Mahaifiyata ce ta kai ta, a kan amalanke har bakin titi, daga nan mota. Ta ce lokacin ko tulu ba ta iya ɗagawa. Wata shida bayan nan tana daka.

Da nake tambayarta yadda shekarun suka kasance, sai na ga kowane abu da littattafai ke lissafawa a matsayin dalilin da ke rage ƙarfin magani, ita ta taka shi da ƙafarta.

Na farko, makara. Ita da kusan duk waɗanda ta tarar a layi sai da jiki ya ƙare suka zo. Dokar lokacin ma haka take: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara in CD4 sun sauka 200 ko in ciwo ya bayyana. Wanda ya fara a makare kuwa shi ya fi mutuwa a watannin farko, kuma garkuwarsa takan daɗe ba ta koma daidai ba. Inna ta ce cikin matan da suka fara tare, biyu ba su ga ƙarshen shekarar ba.

Na biyu, hanya. Magani kyauta ne, mota ba kyauta ba ce. Kowane wata sai ta nemo kuɗin zuwa da dawowa, ta rasa yini guda na sana'a, sannan ta ƙago dalilin da za ta faɗa wa maƙwabta. Da damina in gulbi ya kawo, ranar randebu takan wuce ta.

Na uku, yunwa. Ta fara magani shekara guda bayan yunwar 2005, rumbuna ba su gama farfaɗowa ba. In jiki ya fara murmurewa ci yakan buɗe, ga shi babu abin ci. Ta ce ta san wadda takan aje ƙwayar ranar da ba a ɗora tukunya ba, wai kada ta sha a kan cikin banza. Da azumi kuma ita ta mayar da nata sahur da buɗa-baki, ta ci gaba.

Na huɗu, wahalar maganin kansa. Cikin Triomune akwai stabudin, mai sa ƙafafu zugi da mutuwar jiki, mai zuƙe kitsen fuska har kumatu su lotsa. A gari irin namu, lotsewar kumatu shela ce. Wanda ya ji ana kallon fuskarsa a kasuwa, ba wuya ya aje abin da ya jawo kallon. A ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a janye stabudin. Aka canza wa Inna haɗi, amma kumatunta har yau ba su dawo ba. Wasu kuma efabirenz ne ya dame su da jiri da munanan mafarkai, har a ce aljanu ne.

Na biyar, karon magani da magani. Rifamfisin, jigon maganin tarin fuka, yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magungunan sida, ƙarfinsu a jini ya ragu. Tarin fuka kuwa shi ne babban mai kashe masu ɗauke da ƙwayar. Don haka dole likitan tari da likitan sida su san da juna, abin da ba ya yiwuwa in mara lafiya ya ɓoye wa ɗaya abin da ɗayan ya ba shi.

Akwai kuma wanda ya shafi yankinmu musamman. Ƙwayar iri biyu ce. Ta biyun, da aka gano a 1986 a jinin mutanen Afirka ta Yamma, nebirafin da efabirenz ba sa kama ta tun asali. In ba a tantance wace iri ce mutum ke da ita ba, sai a ɗora shi kan haɗin da ƙafarsa guda a karye take. Har zafin ƙasarmu ya shiga lissafi: maganin layi na biyu, Kaletra, da farko sai an aje shi a sanyi, sai a 2005 aka fito da ƙwayar da ke jure zafi.

Duk wannan Inna ta tsallake shi shekara 10. Abin da ya kayar da ita jimla guda ce.

"Sun ce ba su ga komi ba"

Shekaru da yawa, abin da likita ke dubawa shi ne nauyin mutum da yawan CD4. Amma waɗannan suna makara: ƙwayar na iya bijirewa ta yi watanni tana ƙaruwa kafin jiki ya nuna. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awon da ya fi shi ne a ƙirga ƙwayar kanta a jini. In ta haura kwafi 1.000 a mililita guda, aka sake awo bayan an gyara shan magani ba ta sauka ba, to haɗin ya daina aiki. In kuwa ta yi ƙasa har na'ura ta kasa ƙirga ta, wato ƙasa da 50 ko 40 ko 20 gwargwadon na'urar, sai a rubuta kalmar Faransanci indétectable.

A 2016 aka ɗebi jinin Inna don wannan awo. Bayan watanni sakamako ya dawo. Ranar layi ya yi tsawo. Ma'aikacin ya duba takarda, ya yi murmushi, ya ce mata da Hausa: "Hajiya, barka. Ba a ga komi ba a jininki."

Na tambaye ta mi ta ji. Ta ce: "Ɗiyata, mi zan ji? In kin kai yaro anka auna shi anka ce ba a ga komi ba, ai lafiya lau ke nan. Na zo gida na yi sadakar waina. Na ce Allah ya karɓi roƙona."

Ba ta koma randebu ba. Ta yi kusan shekara tana jin garau. Da jiki ya fara nauyi sai ta koma ga ragowar kwalbar, ta sha kwana uku ko huɗu, in ta ji dama-dama ta aje, kamar yadda ake yi da farasitamol. Daga baya ta koma asibiti, kunya ta hana ta faɗin gaskiya, ta ce tafiya ta yi. Aka mayar da ita kan haɗinta na da. Shi take sha ranar da na buɗe tasar, kuma a lokacin ya riga ya daina yi mata aiki.

Ga abin da ya faru a jikinta. Magani ba ya fitar da ƙwayar. Tun farkon kamuwa takan dasa kanta cikin wasu ƙwayoyin jiki masu barci, inda magani ba ya kai mata. In an daina sha, yawanci cikin ƴan makonni ta dawo jini. Sannan haɗin Inna yana da nebirafin, wanda ya fi abokan haɗinsa daɗewa a jini. Duk sanda ta aje, biyun su fice, shi ya rage shi kaɗai na wasu kwanaki. An koma zamanin AZT ke nan, magani guda gaban miliyoyin kwafi. Kure guda tak ya isa ya kashe nebirafin, kuma yawanci ya tafi da ɗan uwansa efabirenz.

Yanzu bari in sa hular karatuna. Ma'aikacin nan bai yi ƙarya ba, kuma ba mugunta ya yi ba. Kalmar indétectable tana da gaɓa uku: ta korewa, ta ganowa, da ta iyawa. Ma'anarta abin da ba a iya ganowa. Tana magana ne kan iyakar na'ura. Da ya juya ta zuwa Hausa, gaɓar iyawa ta faɗi a hanya, aka bar "ba a gani ba", aka ƙara "komi". Ga kuma babbar matsalar: wannan jimla tana da aikinta tun da daɗewa a bakin asibiti. Ita ake faɗa wa wanda aka auna bai da zazzaɓi. Ita ake faɗa wa wanda aka yi wa gwajin sida aka tarar bai da ita. Sakamako biyu masu hannun riga, jimla guda.

Kalmar "magani" ma tana da nata nauyi. A hankalin Bahaushe magani abu ne da ake sha a warke a aje. Abin da za a sha har ƙarshen rai baƙo ne a harshen, sai yanzu da hawan jini da ciwon suga suka fara koya mana shi. Haka kuma muna kiran ƙwayar da ciwon da suna guda, sida, ko ƙanjamau a bakin ƴan uwanmu na Nijeriya. Ƙanjamau kuwa daga ƙanjamewa take. To wanda ya yi ƙiba, yana noma, yana daka, ta yaya zai yarda yana da ciwon ƙanjamewa? Balle sunan da ake raɗawa a fada, kabari kusa. Wa zai so a gan shi a layin kabari kusa?

Inda aka kwana

Inna ta yi sa'a. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ita, ta yi mata tambaya ba tare da faɗa ba, ta ji gaskiya, ta sa aka sake awo, aka canza mata layi. Yau ƙwaya guda take sha da dare.

Ilimi ya yi nisa tun daga lokacin da ta fara. A 2015 gwaji biyu, START da kuma TEMPRANO da aka yi a Abijan, suka nuna fara magani da wuri ya fi jira, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara masa nan take. A 2011 gwajin HPTN 052 ya nuna magani na rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar cewa wanda ƙwayarsa ta kwanta, ya ci gaba da shan magani, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Uwa mai shan magani tun da ciki, da wuya ta sa wa ɗanta. A 2017 aka daidaita farashin sabon haɗi mai dolutegrabir a kan dala 75 a shekara, ƙasa da jika 50. A 2019 hukumar ta fifita shi ga kowa, a shekarar da rahotonta ya nuna cewa a ƙasashe 12 cikin 18 da aka auna, fiye da mutum 1 cikin 10 masu fara magani sun zo da ƙwayar da ta riga ta bijire wa dangin nebirafin. Dolutegrabir ya fi wuyar bijirewa, amma shi ma yana da ƙa'ida: mai shan rifamfisin sai an ƙara masa, kuma ƙwayar ƙarin jini ko ta ƙarfin ƙashi da ake ba masu ciki na iya tare shi a hanji in an haɗiye su tare ba da abinci ba. A 2023 sama da mutum miliyan 30 ke shan magani a duniya, cikin wajen miliyan 40 masu ɗauke da ƙwayar.

Daga miliyan 7 zuwa ƙasa da jika 50, daga ƙwaya 20 zuwa guda. Amma tasar Inna har yau da murfinta, kuma har yau tana kankare takardar kwalba.

A Nijar masu ɗauke da ƙwayar ba su da yawa. Awon ƙasa ya ba da kashi 0,87 cikin 100 a 2002, da 0,7 a 2006, da 0,4 a 2012. Abin godiya ne, amma yana da ɗaci ga wanda abin ya samu, don gani yake shi kaɗai ne a gari. Sai ya tsallake asibitin kusa ya tafi na nesa don kada a gan shi. Amarya ta ɓoye wa miji, ta rasa inda za ta haɗiye ƙwaya. Ɗan ci-rani ya tafi Libiya ko Legas da na wata uku, ya yi shekara. Yaron da aka haifa da ita ya kai shekara 15 ana ce masa maganin ƙarin jini ne, ranar da ya gaji ya watsar. Kuma tun da daga waje maganin ke zuwa, da kuɗin waje, rufe iyaka irin ta 2023 ko yanke agaji irin wanda Amurka ta yi a farkon 2025 abu ne da ke hana mai kwalba barci.

Ba mu da iko kan farashi ko kan iyaka. Amma harshe namu ne. Mu ne ake kira mu raka tsofaffi asibiti mu yi tafinta, mu ne ake miƙa wa takarda a ce karanta mini. Cikinmu akwai masu karatun likita, da masu shiga rediyo, da masu koyarwa gobe. In takarda ta ce indétectable, kada mu ce ba a ga komi ba. Na tambayi Inna yadda za ta so a ce an faɗa mata ran nan. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Da ya ce mini, abin ya kwanta, maganin ne ya danne shi, ran da kika ɗaga zai tashi. Da ban aje ba."

Na rubuta jimlar a bangon littafina. Wanda ke da wadda ta fi ta, ya kawo mu tattauna a zama na gaba.